Akwati, Bashin Banki ko Tallafin Gwamnati: Ina Ƴar Kasuwar Maraɗi Za Ta Dosa?

Duk shekara idan 13 ga watan Mayu, ranar matan Nijar, ta zagayo, sai an sha jawabai a kan tallafa wa mata. Ranar ta samo asali ne daga tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991, da suka ga mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Daga nan abubuwa sun biyo baya: dokar ba mata kaso a muƙamai a 2000, manufar ƙasa kan daidaito tsakanin maza da mata a 2008 wadda aka sabunta a 2017, sannan asusai na gwamnati da aka yi ta buɗewa, FISAN a 2017, FDIF a 2020, FONAP a 2021. A rubuce dai babu abin da ya rage. Amma mai matsar man gyaɗa a Bagalam, da tela a unguwar Zariya, da mai sarin zogale daga Jiratawa, ba sunayen asusai suka dame su ba. Kowacce jari take nema, kuma tana so ta san inda za ta kai ƙafarta ba tare da ta ɓata wata shida tana zarya ba.

Hanyoyin da ke gabanta ba su wuce uku ba: tallafin gwamnati da na furoje, bashin banki ko na ƙananan cibiyoyin kuɗi, sai akwatin ƙungiya irin na Mata Masu Dubara. Mutane kan ɗauka hanyoyi ne daban-daban, kowacce da inda ta nufa. Ba haka ba ne. A sarƙe suke da juna, kuma wadda aka fi rainawa ita ce sau da yawa ke buɗe sauran.

Bari mu fara da wadda kowa ya zuba wa ido.

Kuɗin gwamnati ba a buhu ake raba shi ba. Mu ɗauki FISAN, tunda shi ya fi kusa da sana'o'in matan jiharmu. An kafa shi ne ƙarƙashin shirin 3N na zamanin Issoufou Mahamadou, wato ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, don haka noma da kiwo da sarrafa amfanin gona ne hurumin sa. Mai sayar da atamfa ko kayan kwalliya ba ta ciki, kada ma ta wahalar da kanta. Tsarin da aka fi sanin sa da shi kashi uku ne: mai neman ta kawo kashi 10 cikin ɗari daga aljihunta, a ba ta kashi 40 kyauta, sauran kashi 50 kuma bashi ne daga banki ko wata cibiyar kuɗi. A ce wata ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli tana son injin suyar gyaɗa da na markaɗe da ɗan rumfar da za a girke su, lissafi ya tashi miliyan biyu. Su za su tara jika ɗari biyu, tallafi ya zo da jika ɗari takwas, banki ya ba da miliyan ɗaya. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Babu wata hanya cikin sauran biyun da za ta ba ki jika ɗari takwas da ba za a ce ki maido ba.

Sai dai a lura da yadda abin yake ɗaure. Kyautar nan a jingine take da bashin: idan banki bai yarda ya ba ku rancen ba, ita ma ba ta fitowa. Ke nan mai yanke hukunci na gaskiya ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ma'aikacin banki ne, kuma shi tambayoyinsa ba su canzawa ko da sunan wane shiri aka zo masa. Kuna da takardar rajista? Kuna da asusu a wurinmu, tun yaushe, nawa ke shiga nawa ke fita? Ina takardar farashi daga mai sayar da injin? Wa zai tsaya muku? Galibi ma kuɗin injin ba ya ratsa hannunku, kai tsaye ake biyan mai kaya. Ni a ganina wannan alheri ne, don yana raba mace da ƴan uwa masu jin ƙanshin kuɗi, amma wadda ta shiga da tunanin za ta riƙe tsaba ta sayi gyaɗa za ta sha mamaki.

Babbar illar wannan hanya ita ce lokaci. Dosiye yana da tafiyarsa: a haɗa, a kai, a gyara, a jira zaman kwamiti, a jira banki. Ita kuwa gyaɗa ba ta jiran kwamiti. Da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, ake samun ta da araha a kasuwannin ƙauye, kuma ribar mai matsar mai ta shekara kusan duk a wannan sayen take. Rancen da aka nema don kaka ya fito a watan Maris, ya tarar da tiya ta yi tsada, to an ci bashi ne don a yi wa wani aiki. Shi ya sa nake ganin tallafi irin wannan na kayan aiki ne masu daɗewa, inji, firiza mai aiki da hasken rana, rijiya da famfo a lambu, abin da ko ya makara wata huɗu bai lalace ba. Ba na jarin juyawa ba ne.

FDIF da FONAP ba sai an daɗe a kansu ba. Na farkon ba ya ba mutum ɗaya bashi, cibiyoyin kuɗi yake ƙarfafawa don su samu abin ba talaka. Na biyun na ƙanana da matsakaitan kamfanoni ne, masu rajista da lambar haraji da littafin lissafi. Mai tuyar ƙosai ba za ta taɓa shiga ofishin ko ɗaya daga ciki ba, ko da kuwa wata rana kuɗinsu ya iso gare ta ta bayan gida.

Akwai kuma abin da ya faru bayan 26 ga Yuli 2023. Kaso mai yawa na kuɗin da ake ba da irin wannan tallafi daga abokan hulɗa na waje yake fitowa, kuma da dama daga cikinsu sun dakatar da ayyukansu bayan juyin mulki. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Don haka labarin "ƙungiyar su wance ta samu" ba hujja ba ce cewa bana ma akwai. Kafin a kashe ko dala a kan hotuna da kwafin takardu, a je ofishin majalisar manoma ta jiha, wato CRA, a yi tambaya ɗaya: a wannan shekarar akwai kuɗi a ƙasa, kuma wane banki ne ke karɓar dosiye?

Wani ɓangaren taimakon gwamnati ba a neman sa, shi ke zaɓen mutum. Shirin tallafa wa gidaje masu rauni da aka fara a 2011 da kuɗin Bankin Duniya ya riƙa ba da jika goma duk wata har wata 24, kuma mata ne akasari ke karɓa. Na kawo shi nan ne saboda wani bincike da aka yi a kansa, aka buga a mujallar Nature a 2022. An ɗauki matan da ke cikin shirin, aka sa su ƙungiyoyin ajiya, aka ba su horo da mai bibiya. Wasu aka ƙara musu jika 80 a dunƙule. Wasu ba a ba su kuɗin ba, sai aka yi taron wayar da kai da mutanen gari, da maza da dattawa, aka kuma koya wa matan dabarun tsayawa da ƙafafunsu. Wasu aka haɗa musu duka biyun. Dukkansu sun ci gaba, cinikinsu ya ƙaru. Amma idan aka auna abin da aka kashe da abin da ya dawo, waɗanda ba a ba tsabar ba su suka fi riba. Wanda ya san gidajen Maraɗi ba zai yi mamaki ba. Mace da mijinta ya yarda ta fita kasuwa, surukarta ba ta tsangwamarta, tana kuma da abokan zubi, ta riga ta samu rabin jari.

To ga bashi kuma, wanda shi ne tsakiyar komai.

Manyan bankuna irin su BAGRI, wanda gwamnati ta kafa don harkar noma, ko Sonibank, jingina suke so, kuma a nan mata da yawa ke tsayawa. Gamanar da miji ya yanka wa matarsa aro ce, ba mallaka ba, balle yanzu da ƙasa ta yi ƙaranci a kudancin jihar har wasu matan ba su samun ko gamanar. Gidan da take ciki da sunan miji yake. Dokar karkara ta 1993 ta ba mace damar mallakar gona kamar namiji, kuma kwamitocin filaye da ake kira COFO suna ba da takardar shaidar gado ko saye ko kyauta. Wadda ta gaji gona daga mahaifinta ta bar ta a hannun yayanta ba takarda, ta sani dukiya ce take da ita wadda banki ba ya gani.

Saboda haka mafi yawa ƙananan cibiyoyin kuɗi suke nufa, irin su MECREF da aka kafa musamman domin mata, ko ACEP, ko Capital Finance. Sun fi banki sauri, sun fi shi sauƙin sharaɗi, sun kuma fi shi tsada. Babban bankin yankinmu, BCEAO, yana da iyakar da ba a haurawa: a 2014 an saukar da ita zuwa kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyi, kuma lissafin ya haɗa da kuɗin dosiye da sauran caje-caje, ba ruwa kaɗai ba.

Nan ne ya kamata mace ta zauna da biro, ko ta sa ɗanta ɗan lakwal ya zauna. A ce an ba ki jika 300, za ki biya cikin wata goma, aka ce ruwa kashi ɗaya da rabi ne a wata. Idan a kan abin da ya rage a kanki ake lissafawa, watan farko jika huɗu da rabi ne, yana raguwa yayin da kike biya, jimilla 24,750. Idan kuwa a kan jika 300 ɗin farko ake lissafawa kowane wata har ƙarshe, jimilla 45,000 ke nan. Magana ɗaya aka faɗa miki a baki, "ɗaya da rabi", amma tazarar ta haura jika ashirin, kuma lissafi na biyun ya ma tsallake iyakar doka. Sannan akwai ajiyar dole. A ce an riƙe kashi goma a asusunki sai kin gama biya: jika 270 za ki juya, ruwan jika 300 za ki biya. Tambayar da ta fi kowacce amfani a gaban ma'aikacin ita ce: "Malam, nawa zan fita da shi yau a hannuna, kuma nawa zan kawo gaba ɗaya kafin mu rabu?" Idan ya rubuta miki lambobin nan biyu, kin san farashin kuɗin.

Abu na biyu shi ne ranar fara biya. Yawancin irin wannan bashi wata mai zuwa ake fara kawo kason farko. Ga mai shago, ko mai abinci a bakin tasha da kuɗinta ke juyawa kullum, babu damuwa. Ga mai turke rago don Layya kuwa, ragon ba ya kawo ko tamma sai ranar da aka sayar da shi, bayan wata huɗu ko biyar yana cin harawa da dusa. Idan aka ɗora mata biyan wata-wata, daga ina za ta fitar? Daga cikin jarin, ko daga sayar da jar akuyarta. Akwai cibiyoyin da ke da rancen kiwo da ake biya gaba ɗaya a ƙarshe. Wadda ba ta samu irin sa ba, gara ta haƙura da turken bashi.

Sai lamunin juna, inda mata biyar ko goma ke tsaya wa junansu. Shi ya maye gurbin jingina, kuma shi ya buɗe wa dubban mata hanya. Amma nauyinsa a kan zumunci yake sauka. Ɗaya ta gaza, sauran su biya, daga nan gaisuwa ta yanke, har a daina zuwa sunan juna. Kuma mu faɗi gaskiya, sau da yawa ba ciniki ne ya karye ba. Maigida ne ya ce a ara masa "zuwa ranar kasuwa", ko bikin ɗiya ya taso aka shiga sayen kayan ɗaki. Sunan da ke kan takarda dai nata ne, ita za a zo nema a gaban maƙwabta. Duk wadda ta san ba za ta iya cewa a'a a cikin gidanta ba, kada ta shigo da kuɗin banki cikinsa. Ta nemi a biya mai kaya kai tsaye, buhunan su zo a maimakon takardun kuɗi.

Ajiya a waɗannan wurare ma tana son lura. Kamfanin Asusu SA, wanda ya taɓa zama mafi girma a fannin a Nijar, a 2018 hukuma ta naɗa masa shugabancin riƙo saboda matsalar kuɗi, kuma masu ajiya sun ji a jikinsu. Hukumar ARSM ce ke sa ido a kan cibiyoyin nan, ita ke da jerin masu lasisi. Wurin da ba ya cikin jerin, komai kyan fentin ofishinsa, ba wurin kai guminki ba ne.

Yanzu ga akwati, wanda ba sai an gabatar da shi ga ƴar Maraɗi ba, tunda a nan aka haife shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a ƙauyukan wannan jiha, tare da wata ma'aikaciyarta ƴar Norway, Moira Eknes, kuma daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Abin da aka gina shi a kai adashenmu ne na gargajiya, aka yi masa gyara.

Wanda bai taɓa ganin zaman ba ya rasa abin kallo. Bayan la'asar, a tsakar gidan shugaba, an baje tabarmi. Akwatin ƙarfe ne a tsakiya da kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban-daban, ita kuma mai ajiye akwatin a ɗakinta ba ta da ko ɗaya. Ba a buɗewa sai a gaban kowa. Kafin a buɗe sai a tambayi taro nawa aka bari makon jiya, a amsa da baki ɗaya, sannan masu ƙirga biyu su zube kuɗin a faranti su tabbatar. Ƙungiyoyin farko ma ba su da littafi sam, da ka ake riƙe komai, kowace mace tana tuna bashin ta kusa da ita. A kira suna, a ajiye zubi, dala hamsin ko dala ɗari gwargwadon abin da aka yanke. Wadda ta makara ta jefa tara a kwano. Sai a zo rance.

"Inna, jika goma nake so, zan ƙaro aya ranar Litinin."

"Na wancan watan fa, ɗiyata?"

"Ga shi nan har da abin da ya hau."

An ƙirga, an miƙa mata, magana ta ƙare. Babu hoto, babu kwafin katin ɗan ƙasa, babu kuɗin kabu-kabu zuwa ofis. Waɗanda suka ba ta sun san ko tana fita talla ko ba ta fita, sun san halin mijinta, sun san ranar da ɗanta ya kwanta asibiti. Wannan sanin ne babu bankin da zai iya saye.

Amma kada a yi wa akwati kirarin da ya fi ƙarfinsa. Mata 25 masu zuba dala ɗari duk mako jika 50 suke tarawa a wata, jika 300 a wata shida. Ba kuɗin inji ba ne. Kuma buƙata tare take zuwa: da kaka kowa na son saye, da ƙaratowar salla kowa na son sari, akwatin ya yi wa kowa kaɗan. Ƙarin da ake ɗorawa ma, wanda a ƙungiyoyi da yawa kashi goma ne a wata, idan aka miƙe shi shekara ya ninka iyakar cibiyoyin kuɗi har sau biyar. Ana cewa ai gida yake komawa, ranar rabo kowa ta samu. Gaskiya ne, amma ba daidai yake komawa ba. Mai yawan ranta ita ke ciyar da mai zubi kawai ta koma gefe. Ga rancen mako uku na sarin aya ko tumatir, ba komai. Ga rancen da zai kwana wata shida, akwati ya fi banki tsada nesa ba kusa ba. Sannan ranar rabo, dab da damina ko salla, a fasa a raba, a wayi gari an koma farko. Ƙungiyoyin da suka yi nisa su ne waɗanda suka daina rabewa ƙarƙaf, suna barin wani kaso ya kwana.

Adashe zalla kuwa yana nan da amfaninsa: babu ƙari, kuma kwasa ɗaya tana iya sayen keken ɗinki. Aibinsa shi ne ba ke ke zaɓen ranar da kuɗi zai zo ba, layi ne, kuma komai ya rataya ga amanar uwar adashe.

Batun riba ba abin tsallakewa ba ne a garin nan. Mata da yawa, ko mazajensu, ba su yarda da kuɗin ruwa ko na banki ko na akwati, kuma rabin bashin da ke cikin tsarin FISAN ma da ruwa yake idan ta bankin da aka saba aka bi. Akwai mafita, ko da ba ta wadata ba. Bankin Musulunci na Nijar yana aiki da murabaha, wato ya sayi kayan ya sayar miki da ribar da aka yi yarjejeniya a kai tun farko, kuma tun 2018 BCEAO ta fitar da ƙa'idojin da suka ba cibiyoyin kuɗi damar buɗe reshen da ba ruwa. Wasu ƙungiyoyin akwati su ma sun sauya salo: maimakon ba da tsaba da ƙari, sai su sayi buhunan gyaɗa ko wake da kaka, su sayar wa ƴan ƙungiya bashi da farashin da aka sani. A tuna dai murabaha ba kyauta ba ce, wani lokaci jimillar ba ta fi ta banki sauƙi ba. Hukunci na malamai ne, lissafi kuma naki.

Abin da ke haɗa hanyoyin nan uku takarda ce, kuma a nan ne nake ganin gwamnati ta yi abin da ya fi raba kuɗi amfani, ko da yake ba a yi masa kiɗa. Dokar OHADA, wato tsarin dokokin kasuwanci na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, ta 2010 kan ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta ba mutum biyar kacal damar kafa ƙaramar ƙungiya mai rajista, wadda ake kira SCOOPS. Ƙungiyar akwati da ta shekara uku tana zubi, ta yi wannan rajista, ta buɗe asusu, ta riƙa zuba kuɗinta a ciki ko da na kwana biyu ne kafin a ranta, ta riga ta amsa kusan duk tambayoyin ma'aikacin bankin nan da muka lissafa. Kashi goman da FISAN ke nema ma daga akwatin zai fito. Ita kuwa ƙungiyar da aka ƙirƙira daren jiya don an ji furoje na tafe, da shugaba da ma'aji duk ƴan ɗaki ɗaya, ko ta samu kuɗin ba ta kai shekara.

Ga mai sana'a ita kaɗai, rajistar kasuwanci da lambar haraji, wato RCCM da NIF, ana yin su ta ofishin ƙungiyar ƴan kasuwa, wadda ta buɗe Gidan Kamfanoni a 2012 don a riƙa gama komai a wuri ɗaya. Shin ya dace kowa ta yi? A'a. Lamba tana zuwa da lanho, kuma mai dambun zogale a ƙofar gida ba abin da za ta ƙaru da shi. Amma wadda ta fara zuba man gyaɗa a kwalba da tambari, tana son manyan shagunan Yamai su karɓa, ko tana son kwangilar kai abinci makarantu, ko rumfa a baje kolin sana'o'in hannu na mata, SAFEM, ba ta da makawa. Babu mai rubuta mata takardar biya ba lamba. Daga nan kuma sai maganar shaidar inganci daga hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya ta taso.

Akwai wani haɗari da mutumin Agadas ba zai ji shi kamar mu ba: iyaka. Cinikin Maraɗi da Katsina da Kano a hanyar Ɗan Isa da Jibiya yake numfashi. An rufe ta daga ɓangaren Najeriya a watan Agustan 2019 har zuwa Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 2023 har zuwa Maris 2024. A tsakani naira ta faɗi warwas bayan an sake ta a Yunin 2023, kayan Najeriya suka yi araha a kasuwarmu, mai kai akuya ko wake can kuma ta dawo da kuɗin da ba su da nauyi idan an canza. A Oktoban 2024 kuma gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Wadda ta ci bashi da sefa tana sayarwa da naira, caca biyu take yi a lokaci guda. Ranar da hanya ta rufe, matan akwati za su iya cewa a ɗaga mata ƙafa zuwa wata mai zuwa, don su ma abin ya shafe su. Kwamfutar banki ranar biya kawai ta sani.

Idan aka ce in zaɓa wa mutum, ga yadda zan yi. Wadda ke farawa, ko jarinta bai kai jika hamsin ba, akwati kawai, kada ta kusanci bashin ofis, don ba ta riga ta san ribarta ta gaskiya ba, kuma ana koyon ciniki ne da kuɗin da asararsa ba za ta kai mutum gaban hukuma ba. Wadda ta shekara biyu ko uku tana abu ɗaya, masu saye suna zuwa kaya na ƙare mata, ita ce bashin cibiyar kuɗi ya dace da ita, da sharaɗin ribar da take samu a wata ta ninka abin da za ta riƙa biya, kuma ta nemi rancen tun watan Agusta idan na kaka ne. Ba ta bar akwatin ba, don shi zai cike mata gurbi watan da ciniki ya yi sanyi. Tallafin gwamnati kuwa na ƙungiya ne mai tarihi da ke son inji, ko na mace ɗaya da ta riga ta zama kamfani. A haɗa dosiye, a kai, a ci gaba da aiki kamar ba a kai ba.

Saura masu yawo unguwa-unguwa da littafi suna cewa a kawo jika biyu a sa sunanki a jerin waɗanda za a ba tallafi. Kuɗin dosiye na gaskiya a ofis ake biyan sa, a ba ki rasit mai hatimi. Wanda ya zo da irin wannan magana, a tambaye shi sunan shirin da ofishin da ya aiko shi, sannan shugaba da ma'aji su hau kabu-kabu su je CRA ko ofishin kula da ci gaban mata na jiha su ji da kunnensu kafin kowa ta kwance bakin zanenta.